Garin Ƙarfe Da Kotun Bashi: Labarin Boren Merthyr Na 1831

In an ce Ingila, yawancinmu mukan ɗauka duk tsibirin nan na Turawa ƙasa ɗaya ce, mutanenta iri ɗaya, bakinsu ɗaya. Ba haka abin yake ba. Can yammacin tsibirin akwai wata 'yar ƙasa mai tuddai da yawan ruwan sama, sunanta Wels. Mutanenta suna da harshensu dabam, wanda ya riga Ingilishi zama a tsibirin, Baturen Landan kuwa in ya ji shi ko kalma guda ba ya tsinta. Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya ci ƙasar da yaƙi a shekarar 1282 zuwa 1283, a 1536 kuma aka haɗa ta da Ingila cikin shari'a ɗaya. Daga nan ta yi shekara fiye da 200 tana zaune shiru, ƙasar makiyayan tumaki da ƙananan manoma, ba ta da wani birni da za a nuna wa baƙo.

To, labarin da za mu ba ku na wani gari ne na kudancin wannan ƙasa, sunansa Merthyr Tydfil, yana bakin kogin Taff, wajen mil 24 arewa da Kadif. Bisa ga riwayar mutanen wurin, Tydfil sunan wata 'yar sarki ce da aka kashe a nan saboda addininta tun zamanin da. Har tsakiyar ƙarni na 18 wurin ƙauye ne, majami'a ɗaya da gidajen manoma warwatse bisa tuddai. Kafin jikokin manoman nan su tsufa ya zama gari mafi girma a Wels duka, ƙarfensa ya zaga duniya. Abin lura a cikin labarinsa shi ne gari ne da ya yi girma bai sami mai shi ba. Akwai masu tanderu, akwai masu gidajen haya, akwai masu kanti, amma babu wanda ya ce ruwan shan garin da tsabtarsa da zaman lafiyarsa suna wuyansa. Hukuma guda da talaka ya sani sosai ita ce wadda ke zuwa ɗaukar kayan ɗakinsa.

Wanda ya taɓa ganin maƙeran tama suna aiki ya san ba a samun ƙarfe sai an ƙona gawayi mai yawa. Haka Turawa suka yi ta yi har dazuzzukansu suka soma ƙarewa. A 1709 wani mutum mai suna Abraham Darby ya gano dabarar narka tama da toyayyen kwal maimakon gawayin itace. Da dabarar nan ta yaɗu sai tuddan Merthyr suka zama taska, gama Allah ya tara musu duk abin da ake bukata wuri guda: tama da kwal suna kwance kusa da fuskar ƙasa, ga dutsen farar ƙasa da ake zubawa cikin tanderu don ya janye dattin ƙarfe, ga kuma ƙoramu masu gudu da za su juya ƙafar injin mai zuga wuta.

Aka kafa gidajen ƙarfe huɗu. Dowlais a 1759, Plymouth a 1763, Cyfarthfa a 1765, Penydarren a 1784. Zuriyoyin da suka mallake su, watau gidan Guest da gidan Hill da gidan Crawshay da gidan Homfray, duk baƙi ne daga Ingila. Masu ƙasar ba su san darajar abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba. Anthony Bacon, wanda ya kafa Cyfarthfa, ya karɓi hayar fili wajen eka 4,000 har shekara 99 a kan fam 100 kowace shekara, da dukan abin da ke cikin ƙasan. Yaƙi ya ƙara musu ciniki, domin igwa da harsashinta ƙarfe ne, Ingila kuwa ta yi ta fama da Faransa daga 1793 har 1815. Sarkin yaƙin ruwan nan Nelson da kansa ya ziyarci Cyfarthfa a 1802.

Ƙarfen da ya fito daga tanderu ɗanye ne, yana da gautsi, in an buga shi sai ya fashe. Kafin ya ƙeru sai an sake narka shi, wani ƙato ya tsaya bakin wuta da doguwar sandar ƙarfe yana tuƙa shi kamar mai tuƙin tuwo, har ya yi kauri ya dunƙule, sa'an nan a ciro curin yana ja wur a kai wa guduma. Henry Cort ya ƙago wannan dabara a 1784, amma a Cyfarthfa aka gyara ta ta yi amfani. Masu tuƙin ƙarfen nan su ne manyan ma'aikata, ladansu ya fi na saura, suna da girman kai irin na gwani. Amma aikin yana cin ido yana cin ƙirji, ba safai suke tsufa a cikinsa ba.

Da fari a bayan dawaki da alfadarai ake kai ƙarfe bakin teku. A 1794 aka gama haƙa hanyar ruwa daga Merthyr zuwa Kadif, mai ƙofofin tare ruwa wajen 50, doki guda ya riƙa jan kwalekwale ɗauke da abin da dawaki masu yawa ba sa iyawa. Ga wani abu kuma da ya kamata a sani. Ran 21 ga Fabrairu 1804, wani injiniya mai suna Richard Trevithick ya ɗora injin tururi bisa dogo a Penydarren, ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum wajen 70 har Abercynon, tafiyar kusan mil 10. Shi ne jirgin ƙasa na farko a duniya da ya ja kaya bisa dogo. Asalin abin caca ce ta gini 500 da Samuel Homfray, mai gidan Penydarren, ya yi da wani ɗan'uwansa mai gidan ƙarfe. Injin ya yi wa dogon nauyi yana karya shi, aka sauke shi aka koma ga dawaki.

Da aka yi ƙidayar farko a 1801, an sami mutum 7,705 a Merthyr, Kadif kuwa ba ta kai 2,000 ba. A 1831 sun wuce 22,000, a 1851 sun wuce 46,000. Yawancinsu 'yan ƙasa ne masu jin harshen Wels, barorin gona daga lardunan yamma, daga baya mutanen Ailan suka biyo. Gaskiya ba wanda ya ɗaure su ya kawo su. Talaucin ƙauye ya fi na gari ciwo, kuma lokacin da kasuwar ƙarfe ke ci, ladan Merthyr ya ninka na gona. Saurayi ya zo da ƙafa daga ƙauyensu, cikin 'yan watanni ya sayi agogo da rigar Lahadi. Ku riƙe zancen agogon nan, za mu komo kansa.

Amma dubi inda yake kwana. Gidaje ƙanana na dutse an jera su manne da juna duk inda aka sami fili, har bisa tudun kashin maƙera da ake zubarwa daga tanderu. Babu magudanar ruwa, babu salga a yawancin gidaje, shara da ƙazanta sai a watsa bisa hanya. Mata sukan yi sa'o'i suna jiran layi a bakin maɓuɓɓuga, kogin kuwa gidajen ƙarfe sun tare shi don injinansu. Da dare sararin sama ja yake saboda hasken wuta, ƙarar guduma ba ta tsayawa. Fiye da rabin waɗanda ake binnewa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Waɗanda suka rayu, wasu tun suna da shekara 6 ko 7 ake sa su cikin ramin kwal, su zauna cikin duhu yini zubur suna buɗe ƙofar iska suna rufewa. Akwai wata unguwa ta ɓarayi da karuwai da ake kira China, har da wanda suke kira sarkinsu, wadda ɗan doka ba ya shiga shi kaɗai. Marubucin nan Thomas Carlyle da ya ga garin a 1850, da wutar Jahannama ya kwatanta shi. Sama da wannan duka, bisa tudu, William Crawshay na Biyu ya gina wa kansa gida mai siffar ganuwar sarakunan da, ɗaki 72, aka gama a 1825 a kan kuɗi wajen fam 30,000. Daga tagarsa yana hangen tanderunsa, ma'aikatansa kuma daga ƙofar ɗakunansu suna hangen tagarsa.

Kada mai karatu ya zaci mutanen nan jahilai ne. Tun 1588 aka juya Littafi Mai Tsarki na Kirista cikin harshen Wels, makarantun Lahadi kuwa sun koya wa manya da yara karatu da harshensu. Yawancin ma'aikata ba sa bin majami'ar Sarki, suna da nasu ƙananan majami'u da suka gina da kwabo-kwabonsu, su ke zaɓen limaminsu, su ke riƙe da asusunsu. A gidajen giya ma akan yi gasar waƙa da mahawara. Mutanen da suka saba tafiyar da majami'arsu da kansu ba su da ko bakin magana cikin tafiyar da garinsu. Garin ba shi da majalisa, ba shi da wakili nasa a Majalisar Dokoki ta Landan, ba shi da rundunar 'yan doka ta sosai. Taron masu biyan haraji na unguwar majami'a, irin wanda ya ishi ƙauye, shi ke riƙe da mutum dubu ashirin da wani abu.

Yanzu mu zo ga bashi, gama shi ne gindin maganar. Ba a biyan ma'aikaci kowane mako. Sai wata ya cika ake yin lissafi, kafin nan sai dai a ba shi ɗan abin da zai rage zafi. Saboda haka kusan kowane gida da bashin kanti yake ci. Wasu masu gidajen ƙarfe kuma suna da nasu kanti, su biya lada da takarda ko ƙarfen shaida wanda ba ya sayen kome sai a kantinsu, a kan tsadar da suka ga dama. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Sai dai a faɗi gaskiya, Crawshay bai yi wannan ba, da kuɗi tsaba yake biya, har yana zargin masu yi.

A 1809 aka kafa wata kotu a garin don ƙananan basussuka. Mai kanti ya kai ƙara, kotu ta aiko da 'yan sandanta su kwashe kayan mai bashi a sayar. Lokacin wadata ba a damu da ita ba. Amma a 1829 kasuwar ƙarfe ta faɗi, ta yi shekara uku ba ta tashi ba, aka rage lada, aka sallami mutane. Masu kanti su ma bashi ya kama su, suka yi ta kai ƙara. Sai ga 'yan sandan kotu suna bi gida gida, su ɗauki agogon bango, su ɗauki akwati, su ɗauki tebur, wani lokaci har gadon da ake kwana. Dillalai su saye da araha. Mutum yakan wuce ta ƙofar wani ya hangi agogonsa rataye a ciki. Yunwa takan sa mutum ya yi shiru, amma ganin kayan aurensa a ɗakin maƙwabci wani abu ne dabam. Babban jami'in kotun nan sunansa Joseph Coffin, ba kuwa sunan da aka fi ƙi a garin kamar nasa.

Ana cikin haka sai rigimar gyaran zaɓe ta tashi a ƙasar Ingila duka. A zamanin nan akwai kufai da ba kowa cikinsu amma suna da wakilai biyu a Majalisa, manyan garuruwan sana'a kuwa ba su da ko ɗaya. A watan Afrilu 1831 Majalisa ta tare dokar gyara, Sarki ya watsa ta, aka shiga sabon zaɓe. Crawshay yana cikin masu son gyara, ya ƙarfafa ma'aikatansa su fito su yi taro su nuna goyon baya. Bai lura ba cewa kalmar gyara tana da ma'ana biyu. A wurinsa, a ba masu dukiya irinsa kujera. A wurin ma'aikaci, a gyara lada da tsadar abinci, a kashe kotun bashi. Sa'an nan a cikin watan Mayu, shi wannan da ya koya musu fitowa, ya rage ladan masu haƙar tama, ya sallami masu tuƙin ƙarfe 84.

Ran Litinin 30 ga Mayu aka yi babban taro a filin kasuwar shekara ta Waun, bisa tudu sama da Dowlais. Kashegari 'yan sandan kotu suka je ƙauyen Penderyn ɗaukar kayan wani mutum mai suna Lewis Lewis, wanda ake wa laƙabi da Maharbi. Maƙwabta suka hana. Aka daidaita a kan a ɗauki akwatinsa guda a ba mai kantin da ke binsa. Jama'a suka bi suka ƙwato akwatin. Daga akwatin nan wuta ta kama.

Ran 2 ga Yuni taro ya cika titunan Merthyr. Abin da suka yi yana da ban mamaki, shi ne kuma ya raba wannan bore da tarzomar 'yan wasoso. Sun riƙa bi gida gida inda aka san akwai kayan da kotu ta sayar, su fito da su, su mayar wa masu su na asali. Wannan agogon wane ne, wannan akwatin gwauruwa wance ce. A ganinsu shari'a suke yi, wadda ta fi ta kotu. Ba a ce ba a yi barazana da duka ba, an yi, kuma wanda ya sayi kaya da kuɗinsa ya yi hasara. Da dare suka faɗa gidan Coffin, suka fito da littattafan kotu da kayan ɗakinsa suka ƙone a titi. A Hirwaun kuma aka yanka maraƙi, aka tsoma farin ƙyalle cikin jininsa, aka ɗaura a sanda, aka soke burodi a kanta. Masu tarihi da yawa suna cewa wannan ne karo na farko da ma'aikata suka ɗaga jar tuta a Birtaniya. Kirarinsu da harshen Wels shi ne cuku da burodi.

Mahukunta suka aika Brecon neman soja. Da safiyar Juma'a 3 ga Yuni wata ƙungiya ta rundunar 93, mutanen tuddan Sikotilan, suka iso, ba su kai 100 ba. Aka tsayar da su a masaukin Castle Inn, inda manyan lardi da masu gidajen ƙarfe ke shawara. Jama'a wajen 7,000 zuwa 10,000 suka kewaye gidan. Aka karanta musu dokar watsewa da Ingilishi da harshen Wels. Wakilan ma'aikata suka shiga suka nemi a ƙara lada, a rage kuɗin burodi, a kashe kotun bashi, suka fito hannu wofi. Sojan da ke waje an jera su gaban gidan, taro ya matse su da bango har ba su da wurin ɗaga bindiga. Lewis Lewis, an ɗaga shi sama, ya yi wa jama'a magana. Sai suka auka wa soja suna fizgar bindigogi. Waɗanda ke sama a tagogi suka buɗe wuta cikin taron.

Aƙalla mutum 16 suka mutu, wasu sun ce 24, domin dangi sun ɗauke gawawwaki sun binne a ɓoye don tsoron kamu. Soja da dama sun ji rauni, amma ko ɗaya bai mutu ba. A cikinsu akwai wani mai suna Donald Black, wanda aka soka a cinya da wuƙar bakin bindiga.

Maimakon garin ya kwanta sai ya ƙara tashi. Mahukunta da soja suka janye zuwa gidan mai Penydarren suka tsare kansu, garin ya zauna hannun ma'aikata kwana huɗu. Suka tare hanyoyi, suka sa masu tsaro bisa tuddai. Ran Asabar suka yi wa mahayan sa-kai na Swansea kwanton ɓauna suka karɓe musu makamai, suka kuma kori ayarin harsashi da ke zuwa daga Brecon da ruwan duwatsu daga kan tudu. Amma ba su da shugaba guda, ba su kuma shirya abin da za su yi da nasarar ba. Masu gidajen ƙarfe suka soma ba da alkawari, kan ma'aikata ya rabu. Ran Litinin 6 ga Yuni dubban mutane daga garuruwan ƙarfe na gabas suka taso don su haɗu da na Merthyr, soja wajen 450 suka tare su a Waun. Josiah John Guest, mai gidan Dowlais, ya yi musu magana, soja suka daidaita bindigogi, taro ya watse ba a yi harbi ba. Kashegari aka soma komawa aiki, aka kuma soma kamu.

A watan Yuli aka gurfanar da mutum fiye da 20 gaban babban joji a Kadif. Aka ɗaure wasu, aka kori wasu zuwa Ostareliya. Biyu aka tsayar wa kisa. Ɗaya Lewis Lewis, bisa laifin fashi. Ɗayan kuma wani saurayi mai haƙar ma'adini, ɗan shekara 23, haifaffen Aberavon, sunansa Richard Lewis, amma an fi saninsa da Dic Penderyn. Shi aka ce ya soki Donald Black. Lewis Lewis, wanda kowa ya san shi ne kan gaba, ya tsira da ransa, domin an shaida cewa ya kare wani ɗan doka daga hannun taro, aka mai da hukuncinsa kora har mutuwa. Saura Dic.

Shi Donald Black bai iya nuna wanda ya soke shi ba. Shaidar da aka kama Dic da ita ta mutanen gari ce, babba a cikinsu wani wanzami mai suna James Abbott. Mutanen Merthyr fiye da 11,000 suka sa hannu a takardar roƙon a yi masa rai. Wani mai gidan ƙarfe na Neath, Joseph Tregelles Price, ɗan ɗarikar nan ta Kwaka masu ƙin zub da jini, ya ziyarce shi a kurkuku, ya bi diddigin maganar da kansa, ya tabbata a ransa yaron ba shi da laifi. Ya tafi Landan wurin Lord Melbourne, wazirin al'amuran cikin gida. Abin da ya samo jinkirin mako biyu ne kawai. A ganinmu ba wuya a gane dalili. Gwamnati ta ga talakawa sun riƙe gari kwana huɗu, sun karɓe makaman mahayan Sarki, ga ƙasa duka tana tafasa a kan zaɓe. Ana bukatar wuyan da za a sa wa igiya don saura su gani, an riga an saki na farko, ba a so a saki na biyu.

Ran Asabar 13 ga Agusta 1831 aka rataye shi a Kadif, gaban kurkuku. An ruwaito cewa maganarsa ta ƙarshe da harshen Wels ya yi ta, ma'anarta: ya Ubangiji, ga zalunci. Aka ɗauki gawarsa a keken doki zuwa Aberavon, jama'a suna ta shiga ayarin a hanya, aka binne shi a harabar majami'ar St Mary. Ba wanda aka tuhuma saboda waɗanda suka mutu a ƙofar Castle Inn.

Me boren ya haifar? Cikin 'yan makonni ƙungiyar ma'aikata ta farko ta kafu a garin, mutane suna shiga da rantsuwa a asirce. Guest da Hill suka ce ko ƙungiya ko aiki, suka rufe ƙofa a kan dubban mutane, yunwa ta karya ƙungiyar kafin shekara ta ƙare. A cikin shekarar Majalisa ta yi dokar hana biyan lada da kayan kanti, ko da yake an daɗe ana zagaye ta. Dokar gyaran zaɓe ta wuce a 1832, Merthyr ta sami kujera, amma sai mai gidan da hayarsa ta kai fam 10 a shekara ke da ƙuri'a. Masu zaɓe wajen 500 ke nan, wakilin farko kuwa Josiah John Guest, wanda ya riƙe kujerar har mutuwarsa a 1852. Ma'aikata suka gane gyaran ba nasu ba ne. Shi ya sa ran 4 ga Nuwamba 1839 dubban masu haƙar kwal da ma'aikatan ƙarfe na kwaruruwan gabas suka sauka garin Newport ƙarƙashin John Frost suna neman ƙuri'a ga kowane namiji, soja suka sake harbi daga tagogin wani masauki, wajen mutum 22 suka mutu.

Garin kuwa ya ci gaba da ƙaruwa cikin dattinsa. Zamanin jirgin ƙasa ya zo, duniya duka tana neman dogo, a 1845 Dowlais tana da tanderu 18 da ma'aikata fiye da 7,000, ba gidan ƙarfe kamarta a duniya. Matar Guest, Lady Charlotte, mace ce mai ilmi, ta koya wa kanta Larabci da Farisanci, ta koyi harshen Wels, ta juya tsofaffin tatsuniyoyinsu da ake kira Mabinogion zuwa Ingilishi, ta gina makarantu, bayan mutuwar mijinta kuma ta riƙe ma'aikatar da kanta. Duk da haka ba famfo a garin. Dokar 1842 ta hana sa mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 cikin rami. Sai da annobar amai da gudawa ta 1849 ta kashe mutum fiye da 1,400 kana aka kafa hukumar lafiya a 1850, ruwan famfo kuwa sai da aka ƙara wajen shekara 10. Garin bai sami cikakkiyar majalisa tasa ba sai 1905, lokacin ƙarfen ya riga ya soma ƙaura. Sabuwar dabarar Bessemer ta 1856 ba ta son tamar wurin, sai an kawo wata daga Sifen, hawa da ita kan tudu kuwa hasara ne. Penydarren ta rufe a 1859. Dowlais ta buɗe sabuwar ma'aikata a bakin teku a Kadif a 1891. Gwanaye suka watsu. Ɗaya daga cikinsu, John Hughes, ɗan Merthyr, ya tafi ƙasar Sarkin Rasha a 1869 zuwa 1870 ya kafa gidan ƙarfe a fili, garin da ya tsiro kewaye da shi aka sa masa sunansa, shi ne daga baya ya zama Donetsk. Jikokin waɗanda suka tsaya, da suka sami ƙuri'a, su suka zaɓi Keir Hardie, tsohon mai haƙar kwal, a 1900.

Robert Thompson Crawshay, ɗan wanda ya gina gidan nan mai ɗaki 72, ya mutu a 1879. An rufe kabarinsa a Vaynor da wani ƙaton dutse, rubutun da ke kai roƙon gafarar Allah ne, kalma uku. Gidan kuwa majalisar gari ta saye shi a farkon ƙarni na 20, aka mai da shi makaranta da gidan ajiye kayan tarihi.

Shekara 5 kafin mutuwar Robert Crawshay, watau a 1874, jaridar Western Mail ta Kadif ta buga wani labari daga Amurka. Wani limamin Kirista mai suna Evan Evans ya ce an kira shi wurin wani mutumin Wels da ke bakin mutuwa, sunansa Ieuan Parker. Mutumin ya gaya masa cewa shi ne ya soki sojan nan a ƙofar Castle Inn, sa'an nan ya gudu ya haye teku. Lokacin Dic Penderyn ya shekara 43 a kabari.